Warin Toka a Birnin 'Yan Ɗigo

Bayan garin Rafin Gawasa akwai wani dutse mai tsaga a ƙirjinsa, tsagar da ba ta wuce a zura ɗan yatsa ba. Tsofaffin garin suna cewa birni ne guda a ciki, da ganuwa da fada, amma in ka tambaye su wa ya taɓa shiga, sai kowa ya kama gyaran hularsa. Abin da ido ya gani dai shi ne, duk shekara in zafi ya kankama, jajayen ƙwarin nan masu baƙin ɗigo a baya sukan taru a bakin tsagar har dutsen ya koma kamar an shanya barkono. Mutanen garin suna kiran wannan ƙwaro 'yar ɗigo, kuma ba mai kashe ta. In ta sauka a rigar mutum, sai ya ɗauke ta a hankali ya kai ta lambunsa ya aza a kan shuka, ya ce, "Sannu da zuwa, mai albarka."

Akwai kuma wani ƙwaron da suka tsana kamar mutuwarsu. Baƙi ne, dogo, mai ƙayoyi a baya, kamar ɗan ƙanƙanin kada. Ba a ganinsa sai inda darɓa ta kama shuka, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye su bar shi da danƙo. Saboda haka tun kaka da kakanni mutanen garin suka yanke hukunci cewa shi ne ke haifar darɓa, suka raɗa masa suna uwar darɓa. Kowane mai lambu yana da ƙoƙonsa na ruwan toka. Da safe sai ya bi shukarsa yana tsince su yana jefawa a ciki.

A wannan aiki ba wanda ya kama ƙafar Nomau. Ƙoƙonsa ne ke fara cika, kuma ba ya zubarwa sai ya zagaya ya nuna wa maƙwabta. Darɓa kuwa kullum daɗa yawa take a wakensa, shi kuma gogan naka sai ya ce ai don bai kashe iyayen da yawa ba ne, gobe zai ƙara sammako. Hannunsa na hagu da yake riƙe ƙoƙon ya jiƙu da ruwan toka har warin ya zauna masa, ko da sabulun salo ya wanke ba ya fita. Kowa na yi masa tsiya a kan warin nan, in ban da 'yarsa Ladidi. Ita yarinyar, wadda ba ta daɗe da iya magana sosai ba, ba ta yin barci sai ta cusa hancinta a tafin hannun nan ta shaƙa.

Ranar da abin ya faru, matarsa Tasalla tana jego, sai ya tafi da Ladidi lambu don ta bar uwar ta huta. Da rana ta take tsaka ya shimfiɗa mata buhu a gindin gawasa, ta shaƙi hannunsa ta yi barci, ya ajiye ƙoƙonsa a gefe ya koma ban ruwa. Can sai iska ta tsaya cak. Tsuntsaye suka yi tsit. Gabansa ya faɗi ba tare da ya san dalili ba. Da ya waiwaya, buhu na nan, yarinya babu, sai takalminta ƙafa ɗaya. Daga bakin buhun kuma jajayen ƙwari sun yi layi kamar an ja zare, har zuwa dutse.

Ya suri fartanyarsa ya bi layin da gudu yana kiran sunanta. Da ya isa ya kara kunne a tsagar, sai ya ji siririyar murya can ciki ta ce, "Baba!" Ya zura yatsa. Ko tsagar ce ta buɗe, ko shi ne ya ƙanƙance, har ya mutu bai iya faɗa ba. Ya dai tsinci kansa a wata ƙasa inda ciyawa ta kai tsawon rimi, ganye ɗaya ya isa ya rufe kasuwa, hasken rana kuma kore ne.

Bai yi nisa ba ya ci karo da ƙofa. A bakinta akwai wata halitta mai girman bijimi, bayanta ja wur yana ƙyalli, da baƙaƙen ɗigo kowanne kamar faifai. Nomau ya gane 'yar ɗigo ce, amma wadda ake ɗauka a ɗan yatsa daban take da wadda ke duban mutum daga sama. Tsoro ya sa ya ɗaga fartanya. Kafin ya sauke, halittar ta faɗi rigingine ta naɗe ƙafafu ta sandare, wani ruwa rawaya mai ɗoyi yana tsatsowa daga gwiwoyinta. Nomau ya ce a ransa, to, Allah ya kashe, ba ni ba. Ya lallaɓa zai tsallake ta, santsi ya kwashe shi ya faɗa cikin ruwan, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Kaɗan ya taɓa leɓensa, ɗaci ya kai masa har ƙeya.

Yana ta kakari sai ya ji murya a bayansa. "Ya kai bil'adama, haka kuke tsallake gawa a garinku, ba ko addu'a?"

Ya waiwaya ya ga gawar a tsaye. Sai ya zube ƙasa. "Ranka ya daɗe, na tuba. Wallahi ban zo da faɗa ba. 'Yata nake nema, ƙarama ce, ko ɗaura zane ba ta iya ba."

"Ni ne Sarkin Ƙofa. Mutuwar ƙarya da ruwan ɗaci su ne makamanmu, da su muke kuɓuta daga bakin tsuntsu da ƙadangare. Mun san wadda kake nema, kai ma mun san ka, domin warin hannunka ya riga ka isowa. Magajiyar birni ce ta aika aka ɗauko yarinyar, ita kaɗai za ta amsa maka. Ka bi wannan kara har ƙarshensa. Ka kuma yi sauri, domin a ƙasar nan yaro ba ya daɗewa yana yaro."

Nomau bai fahimci maganar ƙarshen ba, amma bai tsaya tambaya ba. Ya kama karan ya fara hawa, yana goge rigarsa a jikinsa, ruwan ɗacin ya ƙi fita.

Ya hau har tafin hannunsa ya ɗaye, sai ya ɓulla a kan wani ganye mai faɗin makiyaya. Garke ne a kai, iya ganin ido, na wasu dabbobi masu taushin jiki, kowacce ta kafa dogon bakinta a ganyen tana tsotso. Darɓa ce. A tsakaninsu ga tururuwa masu tsawon raƙuma suna kai da kawowa. Tururuwa za ta shafi bayan darɓa da ƙahonninta, darɓar ta fitar da ɗigon zuma, ita kuma ta lashe. Nomau ya so ya raɓe ya wuce, amma an riga an gan shi. Kafin ya ƙifta ido sun kewaye shi, haƙoransu kamar lauje biyu a haɗe.

Ya runtse ido yana kalmar shahada. Maimakon cizo sai ya ji guɗa. Wani tsoho a cikinsu ya ratso taro ya rusuna a gabansa. "Marhabin da garkuwar makiyaya! Marhabin da mai ƙoƙo! Ni ne Arɗon tururuwa. Albarkacinka garkenmu ya cika ya batse, ba mu taɓa shan zuma irin ta bana ba."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, anya ba wani kuke nufi ba? Ni fa maƙiyin darɓa ne. Iyayenta nake kashewa."

Tururuwa suka fashe da wata irin dariya mai kama da karyar kara. Arɗo ya nuna masa wata darɓa a gefe. Yana kallo ta haifi 'yar darɓa, da ƙafafunta da komai, jaririyar ta sauka ta kafa baki ta shiga tsotso. Arɗo ya ce, "Ga uwar darɓa nan, ya kai baƙo mai daraja. Darɓa ita ke haifar kanta."

Bai rufe baki ba sai garke ya yamutse. Daga gefen ganye wani baƙin dodo mai ƙayoyi ya faɗo cikinsu, irin wanda Nomau ke jefawa a toka, amma nan ya kai girman kada. Ya cafki darɓa ya tsotse ta ya yar da fata, ya cafki wata, ya cafki wata, kamar wanda ya kwana bai ci ba. Da ƙyar tururuwa suka taru suka kore shi. Nomau ya tsaya baki buɗe.

Arɗo ya dawo yana haki, ɗauke da ɗigon zuma kamar tulu. "Ka ga ɓarawon shanunmu. Su kake rage mana kullum safiya. Yanzu ga alkawari tsakaninmu. Ka sha wannan ka zama namu. Muna da hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa har cikin fadar Magajiya, za mu ɗauko maka 'yarka kafin ka gama lasar leɓe. Abu ɗaya muke roƙo, kada ƙoƙonka ya bushe."

Ba zan ɓoye muku ba, Nomau ya miƙa hannu. Wane uba ne ba zai miƙa ba? Amma da ya sunkuya zai sha, sai idonsa ya kai ga wani tsumma shuɗi da aka ɗaure karan da shi a jikin sanda. Ya gane shi, yagen tsohuwar rigarsa ne. Ashe a kan wakensa yake tsaye. Ya dubi ganyen da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ya ga ya yi rawaya ya nannaɗe, danƙo ya rufe shi, baƙin fumfuna ya hau danƙon. Ya kuma ga wani ƙuda a maƙale cikin zumar, ya daɗe da mutuwa. Wanda ya sha zumar waɗannan, ina tabbacin zai sake ɗaga ƙafa? Ya janye hannunsa ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe, amma na ƙoshi."

Fuskar Arɗo ba ta sauya ba, haƙoransa ne suka buɗe. Suka rufar masa gaba ɗaya. Na farkon da ya ciji rigarsa ya ja da baya yana birgima yana goge baki a ƙasa, na biyu ma haka. Ruwan ɗacin nan da ya yi ta ƙoƙarin gogewa ne ya cece shi. Ya keta tsakaninsu da gudu, danƙo yana fizge masa takalma, har ya kai bakin ganye. Gaba babu komai sai sarari, baya kuma ga su nan tafe.

Wata inuwa ta rufe sama. Tsuntsu ne, idonsa kaɗai ya fi rijiya faɗi. Nomau ya faɗa tsakanin wasu 'yan ɗigo matafiya da ke hutawa a wurin ya dunƙule. Tsuntsun ya sauko har iskar fukafukansa ta kusa kwashe shi, ya karkata kai ya dubi jajayen bayan nan, da alama ya tuna ɗacin da ya taɓa ɗanɗana, sai ya yi gaba. Ɗaya daga cikin matafiyan ta ce, "Ya kai mai warin toka, an umarce ni in kai ka, ba don ina so ba." Jan bayanta ya rabe biyu ya ɗaga sama kamar murfi, daga ƙarƙashi wasu siraran fukafukai suka warware. Ta cafe shi da ƙafafu ta tashi. Nomau ya rufe ido, bai buɗe ba sai da ya ji an yar da shi a ƙasa.

Fada ce ta dutse, cike maƙil. Akwai jajaye, akwai rawaya, akwai baƙaƙe masu jan ɗigo, akwai masu zane kamar an yi musu ƙunshi. A tsakiya Magajiya tana zaune, tsohuwa, jan bayanta ya soma koɗewa. Nomau ya ja gwiwa ya faɗi. "Allah ya ja zamaninki, uwar birni. Ki dubi girman Allah ki ba ni 'yata."

Magajiya ta dube shi ta ce, "Ya kai Nomau, ka daɗe kana gaishe mu kana kiranmu masu albarka. Yau za mu ga ko ka san waɗanda kake gaisarwa. Mu dangi ɗaya ne, amma gidajenmu daban-daban. Akwai gidana, mafarautan darɓa. Akwai ƙananan baƙaƙen can, masu ɓanɓare ƙwarin da ke manne a reshe kamar ƙuraje. Akwai rawayan can, masu lasar farin fumfuna a kan ganye. Akwai kuma 'yan uwanmu da suka ajiye farauta suka koma cin ganyen kansa. Ga biyu a gabanka, ɗaya 'yar gidana, ɗaya 'yar gidan ganye. Ka nuna mini tawa. In ka kuskure, za ka koma lambunka kai kaɗai."

Aka fito da su, dukansu jajaye, girmansu ɗaya. Nomau ya shiga ƙirga ɗigo da yatsa, domin a Rafin Gawasa an ce ɗigo shekaru ne, kuma wadda ta fi yawan ɗigo ta fi albarka. Ta dama ta fi yawa nesa. Har ya ɗaga hannu zai nuna ta, sai ya tuna wani abu. Irin waɗannan masu yawan ɗigon su ne yake zaɓa ya kai kan gunarsa don neman albarka, kuma gunar nan ganyenta ya koma kamar rariya, shi kuwa ya ɗora laifin a kan uwar darɓa. Hannunsa ya sauka da kansa.

"Ranki ya daɗe, a ba ni izini in taɓa."

"An ba ka."

Ya shafa ta hagu, ya ji sumul kamar tangaran, har yana ganin fuskarsa a ciki. Ya shafa ta dama, ya ji wani lallausan gashi kamar na ɗanyar kuɓewa, bayanta kuma dishi-dishi, ba ƙyalli. Ya matsa kusa da bakinta, ya ji ƙanshin ɗanyen ganye. Ya juyo ya nuna ta hagu.

Sai ta daman ta rusuna masa ta ce, "Mu dai mun gode da ɗawainiya, Nomau. Ba a taɓa ɗaukarmu a hannu a kai mu har kan abinci ana yi mana sannu ba sai a lambunka."

Magajiya ba ta yi dariya ba. "Ka faɗa daidai. Ɗigo ba shekaru ba ne, ba kuma shi ke nuna hali ba. Yanzu ka biyo ni ka ga abin da ya kawo ka."

Ta kai shi ƙarƙashin wani babban ganye. Daga farko ƙwai ne rawaya a tsaitsaye, jere kamar tuluna. Yana kallo ɗaya ya fashe, wani baƙin abu mai ƙayoyi ya fito, ya juya ya fara cin ƙwan da ke kusa da shi wanda bai fashe ba. Gaba da su ga manyansu nan birjik, dodannin nan masu kama da kada, suna ta yawo. Gaba kuma wasu sun manne wutsiyarsu a jikin ganye sun dunƙule, ba sa motsi. Ɗaya daga cikin dunƙulallun ya tsage. Abin da ya fito mai laushi ne, rawaya fayau, ba ɗigo ko ɗaya. Ya tsaya yana shan iska, bayansa ya fara ja, baƙaƙen ɗigo suka soma bayyana a hankali.

Nomau ya tuna ƙoƙonsa, ya dafe kai.

Magajiya ta ce, "Waɗannan su ne 'ya'yanmu. Kowace 'yar ɗigo da ka taɓa yi wa sannu, da wannan kamar ta fara. Kana gaishe da uwa, kana jefa ɗanta a toka. Na aika maka da darɓa a wakenka ba ka gane ba, shi ya sa na aika aka ɗauko taka. Tana cikin waɗannan, da kamarsu. Ka shiga ka fito da ita. In ka makara ta manne wutsiya ta dunƙule, shi ke nan. Za ta fito da jan baya ba ta san sunanka ba, wata rana ta sauka a rigarka ka ce mata mai albarka."

"Ranki ya daɗe, duk kamarsu ɗaya! Yaya zan gane ta?"

"Mu ma haka muke cewa in mun leƙa ƙoƙonka. Ka shiga da fartanyarka, ba za mu karɓe ta ba. Yunwar yaranmu ba ta san dangi ba, balle baƙo."

Ya shiga, fartanya a hannun dama. Ya sa rai za su yayyaga shi. Amma da na kusa suka ji warin hannunsa sai suka zabura, suka juya da gudu suna tattake juna, suna wani irin kuka siriri kamar na yaran da aka rutsa a ɗaki. Duk inda ya nufa sai wurin ya dare. Da cizonsa suka yi da ya fi masa sauƙi. Ya bi wannan yana kiran Ladidi, ya bi wancan, ba mai amsawa, don ba su da bakin amsawa. A kusurwa ya ga wasu sun fara goga wutsiya a jikin ganye. Ya ruga can yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa, "Ki tsaya! Don Allah ki tsaya, ga ni nan!"

Sai ya ji taku a bayansa, da sauri. Ya juya. Ɗaya ne ya nufo shi kai tsaye, baki a buɗe, ƙayoyi a miƙe. Hannun da ya saba kisa kullum safiya bai jira shawararsa ba, fartanya ta tashi ta kamo hanya. A tsakiyar sarar ne ya lura dodon ba wuyansa yake nema ba, kai yake miƙawa wajen tafin hannunsa na hagu. Ya murɗe hannu iya ƙarfinsa. Fartanyar ta kauce, amma bakinta ya shafi kafaɗar dodon. Abin da ya fito daga raunin ba rawaya ba ne, ja ne.

Dodon ya faɗi, ya sake miƙewa yana ɗingishi, ya zo ya cusa kansa a tafin hannun ya shaƙa.

Nomau ya yi jifa da fartanya ya rungume shi. Ƙayoyin suka shige masa ƙirji da hannuwa, bai saki ba. Ya ƙara matsewa yana kiran sunanta, har ya ji ƙayoyin sun yi laushi sun koma kitso, ƙafafu shida sun koma hannu biyu da suka zagaye wuyansa.

Magajiya tana tsaye a bakin ganye. Ta ce, "Ɗauke ta ka tafi, Nomau. Ni ban taɓa samun ko ɗaya da zan ɗauka ba."

Ya buɗe ido a gindin gawasa, rana ta ɗan karkata, Ladidi a ƙirjinsa, jini yana bin kafaɗarta. Ya yage bakin rigarsa ya ɗaure mata. Tabon nan ya zauna a kafaɗarta har tsufanta, kuma duk wanda ya tambayi Nomau ya gaya masa gaskiya, ko da yake rabin garin sun ce rana ce ta taɓa masa kai.

Yarinyar ta dube shi ta ce, "Baba, da suka ji warinka sai suka yi ta kuka. Na ce musu babana ne, ba ya duka. Ba su yarda ba."

Nomau ya kawar da kai, idonsa ya sauka a kan ƙoƙon toka, yana nan inda ya bar shi, cike da kamun safiya. Ya ja gwiwa ya karkata shi a hankali ya tsiyaye ruwan. Duk sun mutu, sai guda ɗaya da ya maƙale a bakin ƙoƙon yana ɗan motsa ƙafa. Ya tsinko ganye ya ɗauke shi da shi, ya kai shi kan waken da darɓa ta fi yawa. Ya buɗe baki zai yi gaisuwar da aka saba, muryarsa ta ƙi fita.

Ladidi ce ta leƙo ta ƙarƙashin hannunsa ta ce, "Sannu da zuwa, mai albarka."

Ƙwaron ya ja jiki da ƙyar ya zagaya bayan ganye, can nesa da hannun Nomau.